Jiƙaƙƙen Buhu a Ƙarƙashin Tebur

Shekara talatin da ƴan kai na yi ina dako a kasuwar Malanbil. Albasa, shinkafa, gishiri, duk abin da aka aza mini. Na ƙetaro gulbi daga Arewa ina saurayi, ban shiga lakwal na yi boko ba, wuyana da bayana su ne jarina. Ranar da gwaiwa ta sauko mini aka kai ni gidan likita aka yanka ni. Da zan fita likita ya ce in na sake ɗaukar buhu, to in haɗa da likkafanina. Na ce na ji. Ina da mata da ɗiya huɗu, babu wanda ya kai ciyar da kansa a cikinsu.

Wata biyar na yi zaune a gida. Sai wani Alhaji, wanda na yi wa mahaifinsa dako tun shi yana yaro, ya aiko a kira ni. Yana da biro, wato ofis, a bakin hanyar gada, inda ake shirya wa manyan motoci takardun duwan, wato kwastan. Lokacin gada tana buɗe, kamiyo na jere tun daga bakin gulbi har bayan gari. Ya ce direbobi sun hana sakatariyarsa aiki, kowa na cusa kai ta taga yana cewa shi ya riga zuwa. Yana son mutumin da suka sani, wanda ba a yi masa tsawa. Na gaya masa ban iya karatu ba. Ya ce ba karatu ya kira ni ba.

Biron ɗaki ɗaya ne dogo, kwano a sama, babu rufin ciki. An raba shi gida uku da siririn katako. Na ƙurya na Alhaji ne, an rufe shi har sama, da ƙofa, da kilima mai hura sanyi. Na tsakiya na sakatariya. Na bakin ƙofa nawa. Namu biyun katakon iyakarsa kafaɗar mutum a tsaye. In na zauna na buɗe hannuwa ina taɓa dama da hagu. Tebur ɗaya, kujerar roba, ƙaramar fanka, da taga mai ƙarfe tana kallon hanya. Direbobi suka sa wa wurin suna akurki, ni kuma Sarkin Akurki. Ban damu ba. Tun da aka haife ni ban taɓa cin abinci da aikin zaune a inuwa ba.

Aikin ba shi da wuya. Direba ya miƙo takardunsa ta taga, in dubi fuskarsa, in aza su a tebur in danne da dutse saboda iskar fanka. Duwatsu goma sha biyu na tsinto a bakin gulbi, babu mai kama da wani. Na san farin dutse na mai haƙorin azurfa ne, tsagaggen kuma na Bazabarmen da ya zo bayansa. In sakatariya ta ƙwanƙwasa katako sau biyu, in miƙa mata na gaba ta sama. Ban taɓa rikita layi ba.

Sakatariyar ɗiyar garin Gene ce, ta yi karatu har birnin Paraku. Baba take kirana. Shekarar da nake magana tana da ciki wata bakwai, azumi kuma ya faɗo tsakiyar bazara. Ita kaɗai ce ba ta azumi a biron. Tana ajiye ruwan leda a ƙarƙashin teburinta, ta sha a hankali don kar mu ji. Ina jin ta. Katakon nan ba ya ɓoye ko haɗiyar miyau.

Ordinater, wato kwamfuta, da take aiki da shi kashi biyu ne. Gilashin da take kallo yana kan teburinta. Baƙin akwatin da ke yin aikin wayarsa gajera ce, ramin wuta kuma yana ɓangarena, sai aka huda katako aka ajiye shi a ƙarƙashin teburina, jikin ƙafata ta hagu. Tun safe yake hura mini iska mai zafi a ƙauri. Duk takardun abokan cinikin Alhaji na shekara da shekaru suna cikinsa. Haka aka gaya mini, haka na riƙe.

Wanda bai yi bazara a Malanbil ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙarfe goma sha ɗaya kwano ya fara ƙara shi kaɗai. Kujerar roba ta yi laushi ƙarƙashin mutum. Fanka tana juyawa amma wuta take kwasowa. Na yi dako cikin irin wannan rana, amma a waje ko babu komai iska na ratsa mutum. A akurki gumi ba ya bushewa, yana taruwa ne a bayan gwiwa.

Kwana uku da kama azumi akwatin ya fara mutuwa. Wajen ƙarfe ɗaya zai ɗauki kuka, kukan ya yi ta hawa, sai ɗif. In ji sakatariya ta yi salati a hankali. Abin da ta rubuta tun hantsi wani ya tafi, wani ya tsaya. Sai an jira awa guda kafin ya yarda ya tashi. Direbobi a waje suna zagi. Alhaji ya fito ya ce hannunta ne, tana danna abin da bai kamata ba. Ta ce zafi ne, a mayar da akwatin ɗakinsa mai sanyi. Ya ce ɗakinsa na ganawa da mutanen duwan ne, ba zai zauna da mace tana jin maganarsu ba.

Rana ta biyar na ji shi yana waya da ƙofarsa a buɗe. Yana cewa in abin ya ci gaba haka zai rufe ɓangaren rubutu, ya riƙa kai takardu biron maƙwabcinsa, shi ya tsaya kan hulɗa da duwan kawai. Ban bukaci a fassara mini ba. In babu rubutu babu layi. In babu layi babu mutumin taga. Na dubi akwatin. Na aza tafin hannuna a kansa, na janye, kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Kowane ɗan dako ya san yadda ake samun ruwan sanyi a kasuwa. A ɗinke bido, wato jarkar ruwa, da buhun algarara, a jiƙa buhun, a rataye inda iska ke bi. Kafin azahar ruwan ciki ya yi sanyi har haƙori. Haka muke yi, haka masu shinkafa a ƙauyen Garu suke yi a gona. Abu mai zafi ana sanyaya shi. Ban ga bambanci ba.

Na samo buhu mai kyau, na farke shi, na wanke sau uku don ƙasa ta fita. Butocin alwala a waje suke zama, bakin ƙofa. Da safe na shigo da tawa cikin riga. Wajen sha biyu na jiƙa buhun, na matse har hannuna ya yi ciwo, na lulluɓa wa akwatin sama da gefe biyu. Na bar masa baya, inda yake numfashi. Na sauko da fankata daga tebur na juya ta gare shi. Ni na zauna babu iska.

Ranar bai mutu ba. Kukan ma bai hau ba. Washegari haka. Alhaji ya leƙa wurin sakatariya ya ce ta gani ko, da ta natsu abin ya daina. Ta ci gaba da aikinta.

Rana ta uku alƙalaminta ya faɗi ya gangaro ta ƙarƙashin katako. Da cikin nan nata ta zagayo ɗauka kafin in miƙa mata. Ta duƙa. Ta daɗe a duƙe. Da ta miƙe sai ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, ni ban ga komi ba. Amma ka riƙa matse shi sosai."

Na ce to.

Kwana goma sha ɗaya na yi haka. Ba zan ce na samu kwanciyar rai ba. Duk lokacin da ƙofar Alhaji ta yi ƙara sai in miƙe ƙafa in saki rigata ta rufe wurin. In direba ya cusa kai da yawa in ce masa ya ja baya, warin bakinsa na azumi ya ishe ni, su yi dariya, ni kuwa ƙasa nake tsare wa. Kuma taɓa ruwa sau uku a yini da baki a bushe ba ƙaramin abu ba ne. Jiƙaƙƙen algarara yana da ƙamshi irin na ruwan farko. Yana tasowa daga ƙarƙashin tebur ya shiga maƙogwaro.

Ranar Litinin ce. Babu iska ko kaɗan, sama ta yi fari. Buhun yana bushewa kafin in juya. Na jiƙa sau uku tun kafin azahar. Wani direba mai albasa daga Galmi yana tsaye a taga, yana buga ƙarfe da makullin motarsa, yana cewa kayansa tun jiya suke rana. Akwatin ya fara kukan nan. Sakatariya tana tsakiyar takardarsa. In na cire buhun na jiƙa na matse, zai ga abin da nake yi, kuma akwatin zai mutu kafin in gama. Sai na ɗauki buta da hannun hagu, idona yana kan direban, na tsiyaya ruwa a kan buhun yana lulluɓe.

Wannan shi ne kuskuren. Ba buhun ba.

Na ji ƙara ɗaya, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Fanka ta tsaya. Kilimar Alhaji ta tsaya. Wari ya taso irin na roba da gashi. Na fizge buhun na dunƙule na zauna a kansa. Na tura butar bayan ƙafar tebur. Ruwan da ya zuba a siminti na taka da tafin ƙafa biyu.

Alhaji ya fito yana tambaya mi ya faru. Sakatariya ta ce abin ya mutu. Ya je ya tayar da wutar biro, fanka ta dawo, kilima ta dawo. Akwatin bai dawo ba. Ta danna, ya danna, aka jira awa guda, aka sake dannawa. Ya tsaya a bakin akurkina yana kallon akwatin, ni ina zaune a kan jiƙaƙƙen buhu, wandona yana shan ruwa. Ya tambaye ni ko na ga wani abu. Na ce na ji ƙara. Gaskiya ce, amma ba duka ba.

Ya kira mai gyara a Paraku. Mutumin ya ce sai Alhamis. Alhaji ya tambaye shi ko abin da ke ciki zai fita. Ban ji amsar ba, amma na ga fuskarsa. Ban tashi sallar azahar ba sai da kowa ya fita. Na cusa buhun cikin riga na kai shi bayan biro na jefa a ramin shara.

Kamiyo bakwai ke jira, uku na albasa. Alhaji ya kwashi takardu ya kai wa maƙwabcinsa, wanda ya ce sai ya gama nasa tukuna. Ni na ci gaba da zama a taga, duwatsuna a jere, babu mai ƙwanƙwasa katako. Sakatariya tana zaune a nata, ina jin numfashinta. Ba ta ce mini komai ba. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Talata da safe na riga kowa zuwa. Na durƙusa na duba akwatin ta baya. Gashin algarara ya maƙale a ragar da yake numfashi. Na sa tsinken tsintsiya na tsince wanda na iya. Ta cikin ragar ina hango wani, dunƙule, inda tsinke ba ya kaiwa. Kwana goma sha ɗaya yana shaƙa. Duk wanda ya buɗe zai gani.

Da shan ruwa matata ta ga na kurɓi kunu na ajiye. Ta tambaya, na gaya mata. Ta juya ludayi a cikin kunu. Sannan ta ce wuta a garin nan tana kashe firiji da talabijin kullum, babu wanda ake kamawa. Ta ce ba a tambaye ni ba, kar in amsa. Ta ce in tuna abin da likita ya ce, in dubi yaran nan. Na dube su. Suna faɗa a kan ƙosai.

Laraba bayan la'asar na bi ta kasuwa. Ban san me na je yi ba sai da na isa. Abokan dakona suna zaune a kan kura suna jiran mota. Ɗaya ya ce ga Sarkin Akurki ya zo duba talakawansa, ku tashi ku gaishe shi. Wani ya kama hannuna ya juya ya ce ya yi laushi kamar na amarya. Na yi musu dariya. Na zaga bayan rumfar mai gishiri inda ba kowa. Akwai ƙaramin buhu, rabin wanda nake ɗauka da hannu ɗaya a da. Na duƙa na ɗaga shi zuwa gwiwa. Wurin ɗinkin ya ja kamar an sa ƙugiya. Na ajiye a hankali. Na tsaya dafe da bango har abin ya lafa. To, na samu amsar da na je nema.

Alhamis tun da safe warin ya iso biro. Albasa in ta fara lalacewa a cikin mota ba ta ɓoyuwa. Direban Galmi ya ɗaga tampol, baƙin ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Na zaci zai zage ni. Ya zo taga ya tsaya, bai buga ƙarfe ba.

"Baba, kai ka san albasa. Kwana nawa ta rage?"

Na ce masa ɗaya.

Ya gyaɗa kai ya koma ƙarƙashin motarsa ya kwanta.

Mai gyara ya sauka daga motar Paraku wajen sha ɗaya. Siririn mutum ne da tabarau, mutumin kudu, ba ya jin Hausa ko Dandanci. Ya janyo akwatin daga ƙarƙashin teburina ya aza a kai. Na kwashe duwatsuna na tsaya a bakin ƙofa. Alhaji yana gefensa. Sakatariya tana tsaye a nata wurin, tana leƙowa ta saman katako.

Ya kwance kusoshi huɗu ya cire murfi. Ya sa yatsa biyu ya zaro dunƙulen gashi mai ruwan ƙasa, kamar sheƙar ɓera. Ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye a tebur. Ya haska tocila cikin kusurwa, ya nuna wa Alhaji wani wuri da ya yi baƙi, da farin tabo a kewaye. Ya yi magana da Faransanci. Faransancina na tasha ne, amma na san kalmar ruwa. Sau uku ya faɗe ta.

Alhaji bai dube ni ba. Ya zagaya wurin sakatariya, ya duƙa, ya fito da ƙunshin ruwan leda daga ƙarƙashin teburinta. Ya ɗaga shi sama.

"Mu duka nan azumi muke. Wa ke da ruwa cikin biron ga in ba ke ba?"

Ta ce ruwanta bai taɓa ƙetare katako ba. Ya ce katakon a huɗe yake, ruwa ba ya neman izini. Ya ce tun farko ya faɗa hannunta ne. Ya ce dama da cikin nan yana tunanin yadda za a yi, to ga shi Allah ya kawo dalili, bayan Salla ta yi zamanta a gida, zai nemo namiji.

Ta dafa tebur da hannu ɗaya. Ba ta dube ni ba, ko sau ɗaya. Na lura da haka.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na yi shiru. Mai gyara ya koma kan aikinsa, ya sa sukudireba a wata kusa, na tsaya ina kallon kusar tana juyawa tana fitowa. Maganar matata tana kunnena. Ɗinkina yana ja tun jiya. Babu wanda ya tambaye ni. Kusar ta fito ya ajiye ta a cikin murfi.

"Alhaji, ba ita ba ce."

Ya juyo.

"Buhu na jiƙa na lulluɓa mashi, don zafi. Ran Litinin na zuba ruwa ban matse ba."

"Buhu?"

"Buhu."

"Na albasa?"

"Na algarara. Na wanke shi. Kwana goma sha ɗaya bai mutu ba."

Ya tambaye ni ko ita ta sani. Na ce ba ta sani ba. Wannan ƙaryar ban yi nadamarta ba.

Mai gyara ya ga an yi tsit ya tambayi abin da ake cewa. Sakatariya ta fassara masa. Ya ɗauki dunƙulen gashin ya sake dubawa, ya yi ƴar dariya ta hanci, ya faɗi wani abu. Ta ce wai ya ce kakarsa ma haka take yi wa randa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ajiye ruwan ledar a teburinta. Ya daɗe yana kallon taga, inda motocin suke.

"Tahi gida, Baba. In ina bukatarka zan aiko."

Na ɗauki hulata da butata na fita. Direbobi suna ƙarƙashin motoci, babu wanda ya ce Sarkin Akurki.

Matata ba ta yi faɗa ba. Da na gaya mata ta ce to, ta shiga ɗaki. Washegari ta fito da tsohon kaskonta ta wanke, ta fara suyar masa a ƙofar gida da shan ruwa. Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta abinci. Ban ga laifinta ba.

Labari yana zuwa mini ta bakin masu baburan kabu-kabu. An canja abin da ya ƙone, takardun ciki ba su ɓace ba. Direban Galmi bai kai Kwatano ba, ya sauke abin da ya tsira a kasuwarmu ya karyar, sauran aka zubar bayan gari. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da akwatin. Na san nauyin kowane buhu da aka zubar. Aka ce kuma an mayar da akwatin ɗakin Alhaji, sakatariya ta bi shi da teburinta. Akurkina an cika shi da kwalaye.

Kullum da hantsi ina zama a ƙofar gida ina kallon bakin lungu. Duk babur da ya rage gudu sai in miƙe. Aka sha ruwa na ƙarshe, aka yi Salla. Na je idi na hango Alhaji a sahun gaba, ban matsa ba. Babu wanda ya aiko.

Litinin bayan Salla na yi wanka na sa rigar aiki. Matata ta tambaya ko an aiko. Na ce a'a. Ta ce to ina za ni. Na ce biro.

Ban shiga ba. Na ari benci wurin mai kafe da shayi na tsallaken hanya, na jingina shi da bangon biro ƙarƙashin taga, na zauna. Layi ya rikice, mutum biyar a taga kowa na ihu. Wani tsohon direba ya gan ni, ya zo ya miƙo mini takardunsa. Na karɓa. Na biyu ya miƙo. Na tambayi wa ya riga wa, na jera su a cinyata. Hayaniyar ta kwanta. Can sakatariya ta buɗe ƙofa don ta ga abin da ya sa aka yi shiru. Ta gan ni. Ta ce ina kwana Baba, an yi Salla lafiya. Ta miƙo hannu, na ba ta na farko.

Ƙarfe goma motar Alhaji ta tsaya. Na miƙe na gaishe shi. Ya amsa, ya dubi takardun da ke hannuna, ya shige. Yini guda ina jiran a turo a ce in tashi. Ba a turo ba. Talata haka. Ya shiga, ya fita, kamar ni bangon ne. Inuwar bangon tana ƙarewa da sha ɗaya, daga nan rana ce har la'asar. Na ɗaura rawani na zauna. Ban san ko aiki nake ba ko zaman banza. Da yamma matata ta tambaya me ya ce, na ce bai ce ba.

Laraba ya fito zai tafi azahar. Ya tsaya a gabana. Ya dubi sama, ya dubi bencin.

"Bencin ga na wa ne?"

Na ce na mai kafe ne.

"Maida mashi abinshi, kar a ce biron Alhaji na aron benci. Gobe kafinta zai zo ya yi maka naka, ya kafa maka rumfa nan."

Bai ce na dawo ba. Ya wuce masallaci, na bi bayansa.

Rumfar kwano uku ce. Daga la'asar rana tana shigowa ta gefe, sai in juya mata baya.